Shagon kayan gashi, sutura da kayan biki a Sakkwato: da wanne zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni mazauniyar Mabera ce a nan Sakkwato. Na kwashi adashi, maigidana ya ƙara mini wani abu a kai, ina son in buɗe shago da zai haɗa kayan ƙawata wurin biki, sutura da kayan kwalliya, da mayukan gashi irin na mata baƙaƙen fata da nake gani a shagunan Amurka da Ingila a Instagram. Jarin bai taka kara ya karya ba. Da wanne zan fara, me zan saro, me kuma zan kauce wa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa albarka a abin da kika tara. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku, musamman ga mai ƙaramin jari. Ki fara da kayan gashi. Sutura ki riƙa kawo ta idan an yi oda an ba da kuɗi, kayan biki kuma ki shige su daga baya ta ƙofar haya. Na daɗe ina gyaran kai da sayar da kayansa a garin nan, kuma abin da ke riƙe shago shi ne kayan da ke ƙarewa a hannun mai saye har ta dawo neman wani. Biki jefi-jefi yake zuwa wa gida, leshi mai tsada sai Sallah ko lefe, amma kai duk bayan mako biyu ko uku sai an tsefe shi, an wanke, an kitse. Wadda ta ji daɗin man da kika ba ta za ta dawo wata mai zuwa, kuma ranar da bikin ƙanwarta ya taso ke za ta fara tunawa.

Kayan da kike gani a Instagram ba na banza ba ne. Sana'a ce mai tsohon tarihi. Madam C.J. Walker, baƙar fatar Amurka da ta rasu a 1919, da man gashi ta yi arzikinta, kuma har yau kayan Cantu da SheaMoisture da ORS don gashi irin namu ake haɗa su. Sai dai ki tambayi kanki wace mace masu shagunan can suke hange. Mace ce da ke fita da gashinta a buɗe, tana son ya nannaɗe ya yi sheƙi a gani, a garin da iskarsa ke da danshi. Shi ya sa kayansu da yawa man fito da nannaɗi ne da jel da kumfar gyaran salo. Taki mai sayen kuwa kanta a kitse yake, da ɗankwali a kai, da hijabi a bisa ɗankwalin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busar da komai har leɓe ya tsage, daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40 tana gumi a ƙarƙashin mayafi. Idan kika kwashi kuɗinki kika sayi dala kika yo odar abin da aka yi don gashin da ake baje wa jama'a, zai zauna a shago har ranar lalacewarsa ta zo.

Kafin ki sari kwalba ko ɗaya, ki san gashin da za ki yi wa hidima. Silin gashinmu ba zagayayye ba ne, yana da ɗan faɗi, kuma a murɗe yake fitowa tun daga tushe. Duk inda ya lanƙwasa wurin rauni ne, nan mataji ke tsinka shi. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa kuma ba ya iya bin lanƙwasar nan ya gangaro har ƙarshe, shi ya sa bakin gashin ke bushewa ya tsage alhali tushen na da maiƙo. Tsirowa kuwa kusan santimita ɗaya ce a wata, kuma babu man da zai ninka ta. Mata za su shigo su ɗaga kwalba su ce miki, "Hajiya, wanga nawa na, yana sa tsawo?" Gaskiyar da za ki faɗa musu ita ce gashin da aka ce ya shekara biyar bai ƙaru ba yana fitowa, karyewa yake daga baki daidai da yadda yake tsirowa daga tushe. Abin da kike sayarwa maganin karyewa ne. Idan kika yi wa mace alƙawarin gashi har gadon baya cikin wata uku, sau ɗaya za ki ci kuɗinta.

Kuma abin da ke tausasa gashi ruwa ne. Mai aikinsa ya tsare ruwan kada ya gudu, kamar murfi a kan tukunya, to me murfi zai tsare idan tukunyar babu komai? Mata da yawa a nan suna lafta mai a busasshen kai su yi mamakin yadda yake ƙara tauri. Don haka sarinki na farko ya zama shamfu marar kaifi wanda ba ya kwashe maiƙo gaba ɗaya, da kwandishina na wankewa, da wanda ake bari a kai ba a wankewa, da 'yar kwalbar feshi da za ta zuba ruwa da kwandishinan ta riƙa fesa wa kitsonta, da mataji mai manyan haƙora, sai mai na rufewa. Kayan da aka zuba wa gilisarin da yawa, sinadarin da ke jawo danshi daga iska, suna aiki sosai da damina, amma da hunturu iska ba ta da danshin da za su jawo, sai an bi su da mai mai nauyi.

Akwai wani abu da ba a cika kula da shi ba, kuma ya fi kwalabe da yawa amfani: hular ciki ta satin. Ɗankwalin atamfa da hular auduga suna tsotse man da aka shafa, suna kuma gogar gashi yini guda. Ba sai kin yo odarta daga waje ba. Ki sayi yadin satin ki kai wa tela ya ɗinka miki ta kwana da ta sawa a ƙarƙashin hijabi, ki ce kada ya sa roba mai matse goshi. Kuɗin yinta kaɗan ne, ba ta da ranar lalacewa, zafi ba ya narkar da ita.

Wani ɓangare na abin da shagunan Amurka ke sayarwa da tsada ma daga wajenmu ya tafi. Man kaɗanya shi ne ginshiƙin mayukansu, kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwarar kaɗanya, ga ta nan a jihohin Neja da Kwara da Kebbi. Ganyen da suke tallatawa da sunan ambunu, wai sirrin matan Chadi na warware gashi, karkashi ne, wanda iyayenmu suka daɗe suna wanke kai da yauƙinsa. Garin sidir ganyen kurna ne ko na magarya. Ki saye su a Tsohuwar Kasuwa ko hannun matan ƙauye, ki tsince, ki tankaɗe, ki tabbatar sun bushe ƙayau, ki zuba a roba mai murfi ki rubuta ranar da kika ɗura. Tsabtar da ƙyan zubin su ake biya. Man kaɗanya na gaske yana narkewa da ɗumin tafin hannu. Idan ya narke a shago ya sake daskarewa ya yi tsaki-tsaki, bai lalace ba, amma mai saye ba za ta so shi ba, don haka ki nisanta shi da rana. Chebe, garin gyaran gashi na matan Chadi, da man karkar ana nemansu, ki kawo, amma ki gaya wa mai saye cewa a jikin gashi ake shafa chebe, ba a fatar kai ba, kuma hana karyewa yake yi, ba ya tsirar da sabo. Man shanu yana tausasawa, sai dai da bazara a ƙarƙashin hijabi warinsa ba ya ɓuya. Ranar da kika fara haɗa naki man kina manna masa suna kina rarrabawa shaguna, kin zama mai sarrafa kaya, rajistar NAFDAC ta hau kanki.

Matsalar da matan aure ke kawowa a asirce ita ce jiƙaƙƙen kitso. Malamai sun yi bayani cewa ba dole ba ne a tsefe kitso don wankan janaba muddin ruwa na kai wa fatar kai, to sai mace ta yi wanka da asuba ta ɗaura ɗankwali a kan danshi ta shiga aikin gida. Daga nan wari da ƙaiƙayi da amosani ke samun wurin zama. Ki ajiye ƙaramin tawul mai tsotse ruwa da na'urar busar da kai ta hannu, ki kuma faɗa mata ta bar kan ya sha iska a ɗaki kafin ta rufe. Amosani mai naci wani nau'in ƙwayar cuta ne ke kawo shi, mai rayuwa da maiƙo, don haka ƙara lafta man zaitun a fatar kai ciyar da shi ne. Maganinsa shamfu mai ketokonazol, a kantin magani ake samunsa, ki tura ta can.

Ki san iyakarki, wannan na cikin abin da zai sa a yarda da ke. Yaron da aka kawo da makero, gashi ya zube a zagaye fatar ta yi fari-fari, maganin sha yake buƙata na makonni, man shafawa ba ya kai wa tushen gashin. Mai jego da gashinta ke zuba wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, yawanci da kansa yake dawowa. Wadda gashinta ke zuba ko'ina tana kuma fama da kasala da jiri, a auna jininta. Wadda tsakiyar kanta ke yin sanƙo yana faɗaɗa, fatar ta yi sumul, ta ga likitan fata da wuri, akwai su a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Duk waɗannan idan kika sayar musu da kwalba, lokaci kika ɓata musu.

Cinyewar gashin goshi kuwa ja ne ke kawo ta. Kitson Sallah da aka ɗaure har yarinya ta kasa runtse ido, ƙananan ƙuraje suka fito a bakin layi, daga nan abin ke farawa. Haka ɗaurin ɗankwali a layi ɗaya kullum, da acuci mai nauyi da ake ɗaure gashi a kansa tamau. Idan aka sassauta da wuri gashin na dawowa. Idan aka shekara da shekaru ana ja, tushen ya mutu, babu man da zai tashe shi. Za a nemi jel ɗin kwantar da gashin goshi, ki ajiye kaɗan, amma ki sani shafa shi kullum da goga shi da buroshi yana ƙara wa wurin wahala.

Rilaksa, man miƙar da gashi, ita ce za a fi tambayarki, kuma a nan nake son ki buɗe kunne. Iri biyu ce. Akwai mai soda, sodar nan dai da mata ke haɗa sabulu da ita, akwai kuma ta kwali wadda ake haɗa ruwa da kirim kafin a shafa, wadda ake cewa ba ta da soda. Ta biyun ba ta cika ƙona fata da sauri ba amma ta fi busar da gashi, kuma dukansu aikinsu ɗaya: karya ƙullin da ke cikin silin gashi don ya miƙe, kuma abin da ya karye ba ya komawa. Shi ya sa ake shafa ta a sabon tsiro kawai, bayan mako 8 zuwa 12, ba a sake bin wanda ya riga ya miƙe. Kada ki sayar da ita ba tare da shamfun da ke kashe kaifinta ba, domin sabulun wanka ba ya yin wannan aikin, sinadarin zai ci gaba da cin gashi bayan an wanke. Ba a sa ta a kan da aka sosa ko aka tsefe yau. Amarya ta yi tata aƙalla mako biyu kafin biki, ba daren kamu ba. Kwalin da aka zana wa hoton yarinya aka ce na yara ne, sinadarin iri ɗaya ne da na manya, ni ba na sayar da shi kuma ba na sa wa yara.

Akwai kuma binciken da Cibiyar Nazarin Lafiya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a Oktoban 2022. An bi mata sama da 33,000 na kusan shekara 11, aka ga waɗanda ke amfani da kayan miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka sauran haɗarin kamuwa da kansar mahaifa: kusan kashi 4 cikin 100 kafin shekara 70, a kan kashi 1.6 ga waɗanda ba sa amfani da su. Binciken alaƙa ya nuna, bai ce ga sinadari kaza a kwali kaza ba, kuma cutar ba mai yawa ba ce. Amma ya isa ki riƙa ba mata shawarar tazara, ki kuma tanadi kayan masu son barin rilaksa su koma gashinsu na asali, domin yawansu na ƙaruwa, musamman ɗalibai.

Gashin kanti, na ƙari da na sawa kamar hula, shi ne ke cika shagunan da kike gani, amma nan Sakkwato ce. Hadisin da ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa yana cikin Bukhari da Muslim, kuma matan garin nan sun san shi. Masu nemansa 'yan hidimar ƙasa ne da wasu ɗalibai da matan bariki da baƙi mazauna gari, kuma suna da inda suke saye. A Mabera kada ki binne jarinki a ciki. Zaren kitso da ribom da 'yan duwatsun kitson yara sun fi shi tafiya nesa ba kusa ba.

Lalle ki kawo ja, mai kyau, sabon daka. Baƙin da ke kamawa cikin minti kaɗan yawanci rinin gashi ne aka zuba, mai sinadarin PPD, wanda ba a yi shi don fata ba. Wasu ba ya yi musu komai, wasu kuma bayan kwana biyu ko fiye zanen ya kumbura ya yi ruwa ya bar tabo, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, duk ranar da ta sake haɗuwa da shi ko a rinin gashi abin na iya fin na farko muni. Wadda ta nace, ta gwada ɗigo a bayan kunne ko cikin hannu ta jira awa 48, tun biki da saura.

Sai kuɗin da ya fi saurin shigowa a harkar nan, wanda nake roƙonki ki bar wa wasu: man bilicin, musamman haɗin da ake ɗurawa a roba babu suna babu lamba, a ce na gyaran amarya ne. Yawancinsa ƙananan tub ne na maganin fata mai siteroyid ake matsewa a ciki, wani har da sinadarin makuri, kuma NAFDAC ta hana su a kayan shafa. Wata ɗaya fuska ta yi haske, daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, ciwo ya ƙi warkewa ko bayan aikin haihuwa, makuri kuma ƙoda yake taɓawa. A unguwa kike, wadda fuskarta ta ƙone ta san ƙofar gidanku. Dilka da halawa da kurkum da turaren wuta da humra sun ishe ki kayan amare. Kwallin dutse ma yakan ƙunshi gubar dalma, kada ki tallata shi ga jarirai.

Inda za ki yi fice a kwalliya shi ne hoda da fandeshan na baƙar fata. Fenty Beauty ta yi suna a 2017 ne don ta fito da kala 40 a tashi ɗaya, har da masu duhu sosai da manyan kamfanoni suka daɗe suna watsi da su. A kasuwarmu har yau masu haske suka fi yawa, shi ya sa za ki ga amarya a hoto fuska ta yi toka-toka wuya kuma baƙi. Kamfanonin gida irin su House of Tara da Zaron don fatarmu suke yi, kuma da naira ake sarinsu. Ki ajiye na gwaji, a shafa a gefen muƙamuƙi a fita hasken rana a duba, ba a bayan hannu a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba.

Wajen sari, kayan shafa daga Trade Fair ta Legas suke tasowa, su biyo Sabon Garin Kano, su iso nan. Jabu ya yi yawa, kuma an fi kwaikwayon wanda ya fi suna. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da hatimin murfi, ki lura da rubutun da ya dushe ko aka manna wani a kansa. Idan an ba ki da rabin kuɗin da kowa ke sayarwa, ki tuna araha ba ta ado. Ki riƙe dila ɗaya ko biyu da za su karɓi kaya idan ya fito da matsala. Ki sari kaɗan-kaɗan, domin shago mai rufin kwano a watan Afrilu yana raba kirim gida biyu, mai a sama ruwa a ƙasa, jan baki kuma ya lanƙwashe. Farashi kuma ki sa shi bisa abin da za ki biya idan kin koma sari, ba abin da kika biya a baya ba. A farkon Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Masu shago da yawa sun sayar da kaya suna murnar riba, da suka koma kasuwa kuɗin bai sayo rabin abin da suka fitar ba.

Sutura ba zan ja ki da nisa ba. Ba za ki iya gogayya da 'yan atamfa na Babbar Kasuwa ba, su da ke ɗauko dila-dila daga Kantin Kwari, kuma zane yayi ne, wanda bai fita bana ba baɗi sai da faɗuwa. Ki tsaya a ƙananan abubuwan da ke tafiya kullum, mayafi da hular ciki da allurar hijabi da safa da 'yan kunne, sannan ki nemi odar anko. A anko ki karɓi kuɗi kafin ki tafi sari, ki kuma saye shi gaba ɗaya a rana ɗaya, domin idan kika koma ƙari ko zanen ya ƙare ko kalar ta ɗan bambanta, kuma ƙawayen amarya ba sa yafe wannan. Shaddar Getzner ta Ostiriya ce, atamfar Vlisco ta Holan, kowacce tana da kwaikwayo daga Sin mai kyan gani. Sayar da kwaikwayon ba laifi ba ne idan kin faɗa, laifin a kira shi na asali a sa shi a akwatin lefe dangin amarya su gano. Kada kuma ki dogara da hanya ɗaya. Iyakar Illela an rufe ta a Agustan 2019 sai Disambar 2020 aka buɗe, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, masu jiran kaya ta Ƙonni sun ji a jikinsu.

Kayan biki da kalandar Musulunci ake lissafinsu. Rajab da Sha'aban aure ake ɗaurawa ba ƙaƙƙautawa don amarya ta yi azumi a ɗakinta, Ramadan kasuwar ta kwanta sai goman ƙarshe da lalle da kitso ke tashi, bayan Sallah ƙarama da babba ta sake motsawa, haka lokacin kaka da hutun Disamba. Wanda ya cika shago da kofunan roba da furannin leda zai zauna yana kallonsu wata da watanni suna shan ƙura. Haya ta fi: manyan kuloli, tire-tire, dardumai, kujerar amarya, labulen bango da fitilunsa. Sau ɗaya za ki saya, su yi ta fita suna dawowa. Amma ki ƙirga a gaban mai karɓa, ki rubuta, ki karɓi kuɗin ajiya wanda za ki mayar idan kaya ya dawo lafiya. Ko 'yar ɗakinku ce ki rubuta, domin a gidan biki murfin kula ƙafa gare shi.

Kuma kada idonki ya tsaya kan dina da manyan zaurukan taro, masu kuɗi sun riga sun kama can. Bikin suna da walimar saukar Alƙur'ani su ne kasuwar mai ƙaramin jari. Haihuwa ba ta da lokaci a shekara, kuma kwana bakwai kawai gida ke da shi ya shirya, don haka wadda ke kusa kuma kayanta a haɗe suke ita ake kira. Ki haɗa abin da suna ke buƙata wuri ɗaya da farashi ɗaya, robobin abinci da ledar rabo da ɗan adon ɗakin mai jego, ta yadda ba sai an yi ta zarya ba. Duk abin da za a buga wa suna ko hoto, kalanda ko littafin rubutu ko jaka, a biya shi duka tukuna, kuma mai biki ta rubuto sunan da hannunta a WhatsApp, domin jakar da aka buga wa sunan wata ba ta sayuwa ga kowa. Don kayan rabo na fita kunya, ki leƙa wajen dukawan gari. Fatar jan akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai tun zamanin fatake ta hamada, kuma 'yar jakar kuɗi ko maƙalar makulli ta fata ta fi bokitin roba daraja a idon baƙon da ya zo daga Abuja.

Balan-balan a zafin nan sai da dabara. Iskar ciki na kumbura da zafi, don haka kada a cika hura shi, a hura a wurin taron dab da farawa, masu duhun kala kuma su suka fi saurin fashewa a rana. Wanda ke tashi sama da gas ɗin hiliyom ake cika shi, yana da tsada, shi ya sa wasu ke haɗa nasu gas ɗin mai arha da soda da gwangwanin alminiyom. Wannan haidurojin ne, yana kama wuta, kuma gidan biki ba ya rasa kaskon turare da yara. Bindigar liƙi ma ki bar ta. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya sa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ga mai watsa naira ko taka ta a wurin biki, kuma a 2024 an gurfanar da sanannun mutane a kai.

Yawancin masu sayenki ba za su zo shago ba, suna cikin gida. Hoton kaya a WhatsApp da amintaccen ɗan kabu-kabu ɗaya da ya san lungunan Mabera da Minanata sun fi miki babban allo a bakin titi. Kada kaya ya fita sai kin ga kuɗi a asusunki da idonki, hoton rasit ba kuɗi ba ne. Bashi kuma daga dangi da maƙwabta zai fara, ki yanke wa kanki iyaka tun yau ki sanar da maigida, don idan an kai ƙararki wurinsa ya san amsar da zai bayar.

Kafin ki kama hayar shago ma, ki zagaya wajen makitsa da masu lalle na unguwarku. Hannunsu ne a kan matan, su suka san wa ke fama da amosani, wace ce bikinta ya matso, kuma abin da makitsiya ta ce a shafa shi ake shafawa. Ki tambaye su abin da ake yawan nema a rasa, ki ba su hular satin da kwandishina su gwada a kan masu zuwa, ki ware musu ɗan kaso a duk wadda suka turo. Sarin farko ki yi shi bisa abin da suka faɗa miki, ki sayar daga ɗakinki na wata biyu ko uku kina rubuta abin da ya fita da abin da ya zauna, ki kuma ɓoye kashi ɗaya cikin uku na jarin don sari na biyu. Idan kika ga kwalaben da kika fara da su sun juya sau biyu, sai ki nemi shagon, ki yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ki sayi kulolin haya na farko kafin Rajab.